Yaron da Ya Yi Shiru a Aji: Tallafin da Mai Koyon Turanci Yake Buƙata



Zan fara da wata yarinya da na gani a aji huɗu na wata firamare. Malama ta rubuta tambayar lissafi da Turanci a allo. Yarinyar ta kwafe ta tsaf, sannan ta sunkuyar da kai, ta yi tsit. Na matsa kusa na ce, "'Yata, lemo goma sha biyu ne, za a raba wa yara uku." Kafin in rufe baki ta ce, "Hurhuɗu, Malam." Lissafin yana kanta, harshe ne ya tare mata hanya. Irinta muke kira daƙiƙai, alhali mu ne muka gaza.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A 1974 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Lau da Nichols, kan yara 'yan asalin Sin kusan 1,800 a birnin San Faransisko da aka bari a aji ba tare da taimako ba. Kotun ta ce ba yaro littafi da malami irin na kowa bai zama adalci ba, muddin ba ya jin harshen da ake karantar da shi.

Shi ma Farfesa Jim Cummins na Jami'ar Toronto ya nuna cewa ɗan baƙi yakan iya Turancin hira cikin kusan shekara biyu, amma Turancin littafi da jarrabawa sai ya ci shekara biyar zuwa bakwai. A ƙasar da ake Turanci a kasuwa da titi ke nan fa. To ina ga ɗanmu da ba ya jin sa sai ya shiga aji?

Kuma maganin yana gida. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ife: aka karantar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, ƙwararrun malamai kuma suna koya musu Turanci a matsayin darasi. Yaran suka fahimci karatunsu sosai, Turancinsu kuma bai gaza na takwarorinsu ba.

Don haka roƙona ga malamai shi ne, ku buɗe darasi da harshen da yaro ya tsotsa, sannan ku ɗora Turanci a kai. Ku koya masa sababbin kalmomi kafin a buɗe littafi. Ku daina cin tarar mai yin Hausa a aji. Hukumomi kuwa su horar da malaman Turanci na gaske, su sa littattafai masu harshe biyu a hannun yara.

Sannu ba ta hana zuwa. Yarinyar nan ta san amsa tun farko. Haƙƙinta ne a wuyanmu mu riƙe hannunta har ranar da za ta faɗe ta da harsuna biyu.

 Allah Ya ba mu ikon sauke nauyi.