Naman daji, daga nesa ake kallonsa

Jawabi don cibiyoyin yaƙi da jahilci na Tabotaki da kewaye



Maganar yau ta shafi matafiya. Kowa ya sani, da an gama girbi an zuba damman hatsi a rumbu, samarin Adar sai su ɗauki jaka su tafi biɗa. Wasu su nufi Yamai, wasu Kano ko Legas, wasu har Abijan. A hanya suna ganin abin da babu a gida, har da manyan namun daji. Kuma yanzu samari da yawa suna da salula mai ɗaukar hoto a aljihu. A da, in mutum ya ga abin mamaki sai ya dawo ya ba da labari a dandali. Yanzu ba a yarda da labari sai da hoto. Hoton ma ba na dabbar kaɗai ake so ba. Ana so a ga fuskar mai salula, ga dabba a bayansa. To, a nan hatsarin yake. Mai neman irin wannan hoto dole ya matsa kusa, sa'an nan kuma ya juya wa dabbar baya.

Wanda ya tashi daga Buza za shi Yamai, zai bi ta Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Kamar kilomita 60 kafin a shiga Yamai akwai garin Kure. A dajin nan ne raƙuman dawa suke. Irinsu sun ƙare a sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, a Nijar kaɗai suka rage. A shekarar 1996 guda 49 ne kawai aka ƙirga. Da aka tsaya aka kare su, sai suka yi ta haihuwa, har suka wuce 600 wajen shekarar 2018. A wannan shekara aka ɗauki 8 a mota aka kai su gandun dajin Gadabeji, arewa da Dakoro, cikin jihar Maraɗi. Ke nan sun zama maƙwabtan mutanen Buza ta gabas. Baƙi daga ƙasashen waje sun daɗe suna zuwa Kure kallo. Sun ja baya ne tun harin da ƴan bindiga suka kai a watan Agusta na 2020, inda mutum 8 suka rasu. Amma matafiyan ƙasa suna nan suna wucewa kullum, kuma wani lokaci sukan ga raƙuman a bakin kwalta.

Raƙuman dawan Kure sun saba da mutane ƙwarai. Suna shiga gonaki su ci wake, suna cin ganyen gawo kusa da ƙauyuka. Manomi yana aikinsa suna kiwo a gefe. Wannan ne yake ruɗin baƙo, sai ya ɗauka raƙumin gida ne da ya rasa tozo. Ba haka ba ne. Babban namiji ya fi mita 5 tsawo, nauyinsa ya wuce tan ɗaya. Ba shi da ƙahon soka irin na sa, amma yana da ƙafa. Harbinsa ɗaya yana iya karya zaki. Macen kuwa wata 15 take ɗauke da ciki kafin ta haifi ɗa guda. Wadda ta sha wannan wahala ba ta wasa da wanda ya shiga tsakaninta da ɗanta. Shi ya sa masu yi wa baƙi jagora a Kure suke tsayar da mutum nesa, su hana shi ihu da gudu. Direban da ya ga raƙuman dawa a bakin hanya, abin da ya kamace shi shi ne ya rage gudu. In sun firgita suka faɗo kwalta, mota da dabba duka za su yi asara.

Hausawa sun ce sabo turken wawa. Dabbar da ta saba ganin mutane ta daina gudu, amma ba ta daina zama ta daji ba. Hasali ma ta fi wadda ba ta saba ba hatsari. Wadda ba ta saba ba, tun daga nesa take ba mutum wuri. Wadda ta saba kuwa takan bari ya zo har gabanta, inda ba sauran filin tsira in ranta ya ɓaci.

Turawa ma da iliminsu suna faɗawa cikin wannan rami. A ƙasashen sanyi akwai wata dabba da ake kira beyar. Babu ita a Afirka. Gashi ne da ita mai yawa, tana da farata masu tsawo, babba takan kai kilo 200 ko fiye. In aka gan ta tana tafiya sannu sannu sai a ce ba ta iya gudu, alhali tana yin kilomita 50 a awa. A ƙasar Romaniya akwai wata hanyar duwatsu inda masu yawon buɗe ido suke jefa musu abinci daga mota. Dabbobin suka saba, suka riƙa zama a bakin hanya suna jira. A watan Yuli na 2025 wani ɗan ƙasar Italiya mai yawo a kan babur ya tsaya, ya sauka, yana ɗaukar hoton wata uwa. Ta kama shi ta ja shi cikin kwazazzabo. Gawarsa aka samo. Ita ma aka harbe ta. Rai biyu a kan hoto ɗaya.

A Amurka akwai wani babban gandun daji mai suna Yellowstone, wanda aka keɓe tun 1872. Hukumar wurin ta sa doka da lissafi. Tsakanin mutum da beyar ko kerkeci, kada a gaza mita 91, wato kusan tsawon filin ƙwallo. Tsakaninsa da sauran dabbobi, mita 23, kamar taki 30 na babban mutum. Duk da haka kusan kowace shekara sai ɓaunar ƙasar ta soki wani da ya matsa neman hoto. A 2016 wasu baƙi suka ga ɗan maraƙin ɓauna shi kaɗai, suka ji tausayinsa, suka sa shi a mota suka kai wa ma'aikata. Da aka mai da shi, garken ya ƙi karɓarsa. Daga ƙarshe sai kashe shi aka yi. Wannan labari ya kamata a gaya wa yaran da suke zuwa kiwo. Ɗan barewa ko ɗan zomo da aka gani kwance a gindin sabara, yawanci ba maraya ba ne. Uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo. Wanda ya ɗauko shi gida ya raba shi da nono.

A dawo gida Nijar. A kogin Kwara babu dabbar da masu kwalekwale suke tsoro kamar dorina. Ciyawa take ci, ba nama ba, amma ba ta son a shiga ruwanta. Babban namiji ya wuce tan ɗaya da rabi. Duk da gajerun ƙafafunta, a tudu takan yi kilomita 30 a awa, ta fi yawancin mutane gudu. A Ayoru, cikin jihar Tilaberi, an daɗe ana ɗaukar baƙi a kwalekwale su je kallon dorina. Abin da baƙo ya fi so shi ne ta buɗe baki ya ɗauki hoto. Yana zaton hamma take yi. Ba hamma ba ce, haure take nuna masa, tana cewa ya ja da baya. A watan Nuwamba na 2014 dorina ta kifar da wani kwalekwale kusa da Libore, ƙasa kaɗan da Yamai. Mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara ne. Allah ya jiƙansu. Su ba kallo suka je ba, ƙetare kogi kawai za su yi. In haka ta faru ga wanda bai neme ta ba, ina ga wanda ya biya kuɗi a kai shi bakinta?

Abin bai tsaya ga mutane ba. A 2017 mazauna yankin Ayoru, da suka gaji da ɓarnar gonaki da dabbobi, sun kashe dorina aƙalla 27. A wannan shekara gwamnati ta keɓe musu wani yanki na kogin. Dama dokar farauta mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta hana kashe dorina, raƙumin dawa da giwa.

Wani zai ce, a Tabotaki ai ba kogi, ba dorina, ba giwa. Gaskiya ne. Amma wani lokaci naman dajin ne yake zuwa har kasuwa. Masu wasa da kura sukan zo da kura a sarƙa, da gwaggon biri, da macizai a akwati. Ana kiɗa, suna sayar da magani da layu, jama'a sun yi da'ira. Yara ne kullum a gaba, na baya suna tura su. Har akwai iyayen da suke miƙa ɗansu a ɗora shi a bayan kura, wai don ya yi ƙarfin zuciya. Kura da haƙorinta take fasa ƙashin sa. Abin da ya raba ta da yaron nan takunkumi ne na igiya, kuma igiya tana tsinkewa. Mai kura yana riƙe da kulki, domin shi ya san halinta. Yaron me yake riƙe da shi? Gwaggon biri ma ba abin wasa ba ne. Haurensa dogo ne, hannunsa ya fi ido sauri, kuma ba a cika sa masa takunkumi ba. Haka abin yake a gidajen namun daji, ko na gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ko na Audu Baƙo a Kano. Ƙarfen da aka gitta ba ado ba ne. Ba a zura hannu, ba a miƙa gyaɗa, ba a ɗora yaro a kan shinge don ya gani da kyau.

Akwai kuma na bayan gari. Tun da aka soma aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, an jera duwatsu a tuddai, an tare ruwa, an dasa miliyoyin itatuwa. Inda itace ya dawo, ƙananan namun daji sukan sami wurin ɓuya. Dila da yanyawa, a ɗabi'arsu, da sun hangi mutum sai gudu. Saboda haka in aka ga dila da rana tsaka ya doso gari, ba ya jin tsoro, yana tangaɗi ko yana zubar da miyau, wannan ba sabo ba ne. Mai yiwuwa ciwon haukan kare ne. Kada yara su kewaye shi da jifa. Ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 a duniya kowace shekara, yawanci ta cizon karen gida, kuma yara suna da yawa a cikinsu. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, ba ya jin magani.

Amma kafin su bayyana akwai dama. Duk wanda kare, dila ko biri ya ciza ko ya yakusa, a wanke ciwon nan take da ruwa mai yawa da sabulu, har tsawon minti 15. A duba agogon salula, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Kada a tura toka, ƙasa ko barkono a ciki. A kai shi likita a ranar, ko da ciwon ƙarami ne, kada a jira ranar kasuwa. Allurar ba ɗaya ba ce, ana yin ta a ranaku dabam dabam, kuma sai an cika su duka take aiki sosai. Malamin asibiti zai rubuta ranakun a takarda. Wanda ya koyi karatu a cibiya shi ne zai riƙa duba wa maƙwabcinsa takardar nan. Ita kuwa dabbar, a shaida wa maigari, shi kuma ya aika wa ma'aikatan gandun daji da malamin dabbobi a Buza.