Gidan Brazil na Akara da tambayar da ta shafe mu a Madekali



Yau hirar tamu daga bakin teku za ta faro. A unguwar Jamestown ta birnin Akara akwai wani tsohon gida da ake kira Brazil House. An gyara shi, aka buɗe a 2007, shekara biyu bayan shugaba Lula na Brazil ya kai ziyara Gana. An yi shi ne don tunawa da mutanen Tabom, wato bayin da suka samu 'yanci a Bahia suka dawo Afirka a 1836, bayan tawayen da Musulmi suka yi a birnin Salvador cikin azumin 1835. A cikinsu akwai masu asalin Hausa. Har yau za ka ji gidan Aruna a zuriyarsu, to wannan ai Haruna ne. Shugabansu sunansa Azumah Nelson, kuma shahararren ɗan damben nan mai wannan suna jininsu ne.

Da suka sauka ba su jin yaren Ga. Kome aka ce musu sai su amsa da "ta bom", wai "ya yi kyau" da harshen Fotugal, sunan ya bi su. Sarki Nii Ankrah ya ba su fili, suka kama ɗinki da haƙar rijiya. Jikokinsu yanzu Ga suke yi, Fotugal ɗin ya tafi, amma yaro zai iya shiga gidan nan ya ga inda kakansa ya fara aje kaya.

To, mu fa? Malanville sunan wani gwamnan Faransa ne, Henri Malan. Dattawa kuwa Tassi suke ce wa wurin, wato rairayi da Dandanci. Wanda ya fara kafa bukka a kan rairayin nan, Dendi ne ko Bazabarme, masunci ne ko bafataken goro mai hanyar Gwanja, ba wani bango da aka rubuta sunansa. Labarin yana bakin tsofaffi kaɗai, kuma kowace damina sai mun binne wasu.

Ni ban ce a jira gwamnati ko wata ƙasar waje ba. Zaure ɗaya ya isa, a kusa da fadar mai gari, da littafi da wayar ɗaukar murya. Wahalar ba ta siminti ba ce. Ranar da aka zo jera sunaye, kowane gida zai ce shi ya riga zuwa, kuma bayan wannan maganar akwai filayen shinkafa na fadama. Shi ya sa nake ganin a rubuta abin da kowane gida ya faɗa yadda ya faɗa, da sunan wanda ya ba da labarin, ko da sun saɓa wa juna. Malaman lakwal da limamai su riƙe alƙalamin, kuma a fara da tsofaffin mata, don su suka fi riƙe wa ya auri wa.