'Yar Uwa, Koyi Bin Yanke A Kan Kwamfuta

  

Yau maganar tawa da ke ce, ke da kika koyi zane a kwamfuta, kike haɗa wa mutane katin ɗaurin aure, da kalandar biki, da sitikar da ake manna wa robar rabo, da takardar shaidar saukar Islamiyya. A da, mai son irin wannan aiki daga Dambatta ko Makoɗa ko Kunchi ko Bichi sai ya hau mota zuwa birnin Kano. Yanzu kuwa akwai 'ya'yanmu da suke yin sa daga cikin ɗaki. Ke ma uwa da ba ki taɓa taɓa kwamfuta ba, kada ki tashi, don kuɗin da aka kashe a kan karatun nan har da na akuyarki a ciki.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, kwanaki na je wajen 'yar ƙanwata a ƙauyensu kusa da Dambatta. An kawo mata aikin katin biki, ana so ta gama kafin Lahadi, ranar kasuwa, a ba wa direba ya kai Kano a buga. Batirin kwamfutarta ya daɗe da mutuwa, sai da janareta. Na zauna ina kallon ta: duk abin da za ta yi sai ta ja linzami zuwa saman allo, ta buɗe jeri, ta bi da ido, ta danna, sannan ta dawo. Ana cikin haka mai ya ƙare, inji ya yi shiru. Aikin awa biyu ya tafi, don ba ta adana ba. Yarinya ta haɗa kai da gwiwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowa ya san abin da litar fetur take nufi a gidan talaka.

To 'yar uwa, ke da kika tashi a karkara kin san yanke. Baƙo shi ne yake bin titi ya zagaya, 'yar gari kuwa ta san turbar da ta ratsa tsakanin gonaki ta ɓulla bakin rijiya. Allon rubutun kwamfuta ma yana da irin wannan yanke: maɓalli ɗaya ko biyu da za ki danna, aikin ya faru nan take, idonki bai bar zanen ba. Daƙiƙun da kike tsira da su sau ɗaruruwa a wuni, su ne man da zai rage miki a tanki.

Manhajar da aka fi yin wannan aiki da ita a shagunanmu ita ce CorelDRAW, wadda wani kamfani a birnin Ottawa na ƙasar Kanada ya fara fitarwa a 1989. Da ita zan yi misali.

Na farko, kuma uwar sauran: riƙe maɓallin da aka rubuta wa Ctrl, ki danna S. Kin adana aikinki ke nan. Ki mayar da shi kamar numfashi. Kin gama rubuta suna, danna. Kin saka hoto, danna. Kin ji muryar janareta ta sauya, danna.

Na biyu, Ctrl da Z, mai mayar da hannun agogo baya idan kin yi kuskure. Na uku, Ctrl da D, wanda zai haifa miki kwafin abin da kika zaɓa. Mai jera sitika da yawa a takarda ɗaya ta san amfaninsa. Na huɗu, Ctrl da G, yana ɗaure abubuwa su zama dami guda, don kada fure ya tafi ya bar sunan amarya. Na biyar, harafin P shi kaɗai, yana kai abin da kika zaɓa tsakiyar shafi cif, ba sai kin yi ta auna da ido ba.

Idan waɗannan sun zauna, ki ƙara da na layin sama: F8 na rubutu, F6 na zana akwati, F7 na da'ira, F4 kuma ya nuna miki dukkan zanen a allo. Dogon maɓallin nan na ƙasa yana mayar da ke kan kibiyar zaɓe, amma idan kina cikin rubutu sai kin haɗa shi da Ctrl, in ba haka ba tazara kawai zai saka.

Akwai wanda ya shafe mu Hausawa musamman, wato Ctrl da Q. Sau nawa kati ya dawo daga maɗaba'a, inda aka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ sai ga ɗan akwati ko wani harafi dabam? Dalili shi ne kwamfutar mai bugawa ba ta da samfurin rubutun da kika yi amfani da shi. Ctrl da Q yana mayar da rubutu ya zama zane, ya fito yadda kika bar shi a kowace kwamfuta. Amma ki kula, bayan haka ba ya gyaruwa kamar rubutu. Don haka ki fara ajiye kwafi ɗaya da wani suna, saboda dangin ango ba sa rasa sauya ranar walima.

Yanzu sai yanken da za ki fitar da kanki. Ki lura da aikinki na mako guda: mene ne kike yawan yi wanda har yanzu sai kin zagaya? Ga mai kalanda, galibi shigar da hoto cikin firam ne, abin da manhajar take kira PowerClip. Shiga Tools, ki nemi Customization, a wasu fitowar yana ƙarƙashin Options. Daga nan Commands, ki zaɓi umarnin, ki buɗe Shortcut Keys, ki danna maɓallan da kike so a gurbin da aka tanada, sannan Assign. Idan maɓallan suna da wani aiki tuntuni, za ta nuna miki a wurin. Ki karanta kafin ki amince, kada garin neman gira a rasa ido.

Ga ladubba uku. Kada ki taɓa sanannun maɓallai irin su Ctrl da S, domin ranar da kika zauna a kwamfutar wani hannunki zai ruɗe. Idan kwamfutar ta shago ce ko ta makaranta, ki nemi izini kafin ki sauya komai. Ko a gona ba a fitar da turba cikin shukar wani. Sannan ki rubuta duk wanda kika ƙirƙira a littafinki, saboda ranar da aka wanke kwamfuta za su iya tafiya.

Ki kuma sani kowace manhaja da al'adarta. Ctrl da D da yake yin kwafi a CorelDRAW, a Photoshop sakin abin da kika zaɓa yake yi. Kowane gida da inda ake ajiye ludayi.

Yadda za ki koya kuwa, kada ki ce za ki haddace duka rana ɗaya. Ɗauki uku a mako, ki rubuta da manyan baƙi, ki manna a bango gabanki. Hannun hagu a kan maɓallai, na dama a kan linzami. Kwana biyun farko za ki ga kamar kin ƙara nawa, har zuciya ta ce ki koma tsohuwar hanya. Ki daure. Haka kika fara murza zaren hula, yau ga shi kina yi kina hira.

Ita 'yar ƙanwar tawa da kati ya sha ta, da Ctrl da S ta fara. Kati dai ya isa Kano a makare, ta kuma sayi man karo na biyu daga aljihunta. Ke ba sai kin biya wannan kuɗin makaranta ba. Yau da daddare, kafin ki kunna inji, ɗauko biro ki rubuta ukunki na farko.