Daga Tekun Ƙanƙara Zuwa Fadamun Haɗeja

(Laccar da aka gabatar wa ɗalibai da matasan ma'aikata a Ungogo)



An nemi in yi magana a kan ɗumamar yanayi, ni kuwa na zaɓi in ɗauko zancen daga wata 'yar halitta wadda tsawonta bai wuce santimita 6 ba. Turawa suna kiranta kiril. Kamanninta irin na jatanlande ne, mazauninta kuwa tekun da ya kewaye nahiyar Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya inda ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa. Na san wani zai ce, ina ruwan manomin Panisau ko na Rangaza da ƙwaron teku? To, ku ba ni aron hankalinku, domin abin da yake samunta shi ne yake samun kifin da muke sa wa miya.

Ƙanƙantar kiril ba ta hana ta yawa ba. Masana sun ƙiyasta nauyin wadda ke cikin wannan teku ya kai tan miliyan 300 zuwa 500. Ita ce abincin tsuntsayen fengwin, da kifaye iri-iri, da kuma ƙatuwar dabbar tekun nan da ake kira wel, wadda babu halittar da ta kai wani jinsinta girma a duniya. Ita kiril ɗin kuwa gansakuka take ci, irin mai ƙanƙanta da ido ba ya gani.

Ga inda ƙanƙara ta shigo cikin zancen. Kiril takan zuba ƙwai lokacin da rana ta buɗe, 'ya'yan kuwa hunturu kan riske su tun ba su yi ƙiba ba. Ba su da wurin fakewa sai ƙarƙashin ƙanƙarar da kan daskare a bisa teku, inda suke kankarar gansakukar da ta manne a jikinta, suna kuma ɓuya daga masu cinsu. Watau ƙanƙarar nan ita ce rumbunsu, ita ce kuma ɗakinsu. Idan ta makara wajen daskarewa, ko ta narke da wuri, 'ya'yan wannan shekara sukan hallaka da yawa, sa'an nan yunwa ta bi layi har ta isa ga manya.

Haka ɗin kuwa ake gani. Tsakanin 1950 da 2000, zafin yankin Antaktika da ya miƙo wajen Kudancin Amurka ya ƙaru da kusan digiri 3 a ma'aunin Salshiyos. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna cewa cibiyar taruwar kiril a wannan ɓangare ta ja da baya zuwa kudu da kimanin kilomita 440 cikin shekara 90. A watan Fabrairu na 2023 kuma, ƙanƙarar tekun ta ragu fiye da yadda aka taɓa gani tun da aka fara auna ta da tauraron ɗan'adam a 1979. Daɗin daɗawa, ga jiragen su na ƙasashe irin su Norwe da Sin da Koriya ta Kudu suna kwasar kiril don yin abincin kifin kiwo da man ƙarin lafiya. Amma da yake an ƙulla yarjejeniya a birnin Kanbera a 1980 don kare halittun wannan teku, an yi wa kamun iyaka. A 2025, da aka cika tan 620,000 da aka ƙayyade, sai aka rufe sun tun shekara ba ta ƙare ba.

To, mu dawo gida. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da abin da ke yin aikinta, watau ambaliyar damina. Kowace shekara kogin Haɗeja da na Jama'are sukan cika su bazu cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Kifaye sukan bi wannan ruwa su yi ƙwai, ƙananansu su sami ɗumi da ƙwayoyin halittun da suke ci, su kuma ɓuya cikin ciyawa har su yi ƙwari. Idan ruwa ya janye, masunci ya kama rabonsa, manomi ya shuka wake a danshin da ya rage, Bafillace ya kawo shanunsa da rani, tsuntsaye kuma su taso tun daga Turai su yi hunturu a Dagona. Duk waɗannan a kan ruwan 'yan watanni suka dogara.

Wannan ruwa shi ma an ci shi ta baki biyu. Na farko fari, irin na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, wanda masana suka danganta da sauyin zafin ruwan manyan tekuna. Na biyu hannun ɗan'adam: an gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ambaliyar da kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, ta koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990. Da ruwa ya daina hawa da sauka bisa tsohon tsarinsa, sai kacala ta mamaye hanyoyinsa ta toshe su. Tafkin Chadi, inda bandar Baga take fitowa, shi ma ya ga irin wannan. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya rabu biyu a 1973, kifayen da suka saba da buɗaɗɗen ruwa suka ja baya, tarwaɗa da ƙarfasa suka cike gurbinsu.

Kada mu ɗauka ɗumamar yanayi fari kaɗai take kawowa. Tun shekarun 1990 ruwan sama ya ɗan farfaɗo a ƙasashenmu, sai dai yana zuwa da ƙarfi a kwana kaɗan, kamar yadda Jigawa ta gani a 2022, Maiduguri kuma a 2024. Ƙaramin kifi, kamar ɗan kiril, ba yawan ruwa kaɗai yake bukata ba, yana bukatar ruwan ya zo a kan lokacinsa.

Mu mutanen Kano ba 'yan kallo ba ne a wannan al'amari. Ruwan famfon birni, da shinkafa da tumatirin Kura da Bunkure da muke saye a kasuwa, daga ruwan da aka tare a saman fadamun nan suke. Madatsun sun ciyar da miliyoyin mutane, babu mai musun haka, amma wasu ne a ƙasanmu suke biyan wani ɓangare na kuɗin. A nan Ungogo ma, muna ganin yadda ake cike kududdufai ana yanka filaye, alhali su ne ke riƙe ruwan damina su shayar da rijiyoyinmu.

Saboda haka ina da kira uku gare ku, ku da gobe za ku zauna a ofisoshin ruwa da na gona. Na farko, ku riƙe ƙidaya. Ba don an daɗe ana auna kiril ana rubutawa ba, da ba a san ta ragu ba, da kuma ba a san ranar da za a dakatar da jirage ba. Ma'aunin ruwan sama da littafin kamun kifi ba kayan ado ba ne. Na biyu, duk sa'ad da ake shirya sakin ruwa daga madatsa, ku tuna da rabon fadama, a sake shi daidai lokacin da kifi yake haihuwa. Na uku, ku girmama iyaka. Kabawa sun san wannan tun da daɗewa, domin a Argungu akan hana su a Matan Fada sai ranar biki. Koma mai ƙananan ido, wadda ba ta barin ɗan kifi, cin iri ne, kowane manomi kuwa ya san ƙarshen wanda ya cinye irinsa kafin shuka.

Hausawa suna cewa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na kudancin duniya ya kama, namu ma ya fara hayaƙi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar ruwanmu.