Gudu Bayan Shekara Hamsin: Wane Buri Dattijo Zai Sa Wa Kansa?

 

An nemi in yi magana a kan mutumin da ya haura hamsin, bai taɓa motsa jiki da gangan ba, sai ga likita ya ce hawan jini ya sa kai, ko sukari ya fara leƙowa, don haka ya tashi ya motsa. Abu na farko da ke tare masa hanya shi ne kunya. A garin nan na Sakkwato in aka ga mai furfura yana gudu a bakin titi, tambayar farko ita ce, "Alhaji, lafiya?" Wani ɗan kabu-kabu ma ya taka birki ya ce, "Baba, hau in kai ka." Mun taso ne a kan cewa babba ba ya gudu sai da dalili, gobara ko ɓarawo. Amma ruwayar da Abu Dawud ya kawo, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta isa ta cire mana wannan nauyi.

In kunya ta kau, sai a koma kan buri, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Mutum ya ji labarin Fauja Singh, ɗan asalin Indiya da ya zauna a Landan, wanda ya shiga tseren maraton na Landan a 2000 yana da shekara 89, ya kuma kammala na Toronto a 2011 ana cewa ya cika 100. Kundin Guinness bai sa shi ba saboda ba shi da takardar haihuwa, matsalar da na san wasunmu a nan za su gane. Labari ne mai daɗi, amma ban yarda a yi awo da shi ba. Maraton kilomita 42 ne da 'yan kai. Wanda numfashinsa ke sarƙewa in ya hau matakalar bene, in ya ɗauki wannan a matsayin buri, mako biyu ya ishe shi ya jingine takalmin.

Shawarata ita ce a auna da agogo, a bar zancen nisa tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar. Burin watan farko ke nan, kuma da tafiya da sauri za a cika shi, ba da gudu ba.

Bayan haka sai a fara surki: sassarfa ta minti ɗaya, tafiya ta minti ɗaya da rabi ko biyu, a maimaita har minti ashirin, sau uku a mako, ana tsallake kwana. A kan irin wannan tsari Josh Clark ya gina shirinsa na 1996 mai kai sabon shiga ga kilomita biyar cikin mako tara, wanda hukumar lafiyar Birtaniya ta runguma daga baya. Ga ɗan shekara sittin, ni ina ganin mako taran nan ya yi kaɗan; in ya ci wata huɗu ba laifi. Dalili kuwa, zuciya da huhu suna saba wa aiki da wuri, jijiyoyin agara da gaɓoɓi kuwa suna jan ƙafa. Sai mutum ya ji numfashi ya buɗe, ya ƙara wuta, washegari ya kasa durƙusawa a salla. Awon saurin da ya dace mai sauƙi ne: in kana iya amsa gaisuwar maƙwabci cikakkiya, har da "ina gajiya" da "yaya iyali", kana daidai. In sai dai ka ɗaga masa hannu, rage.

Wanda ke son ya san nisansa, zagaye ɗaya na cikakken filin tsere mita 400 ne, kilomita biyar zagaye goma sha biyu da rabi. Wanda filin wasa na Giginya ya yi wa nisa, filin makarantar unguwa ya wadatar, kuma ƙasa ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa. Titi kuma yana da nasa haɗari: shi Fauja Singh ɗin, mota ce ta buge shi a ƙauyensu a Yulin 2025. Iyayenmu mata su haɗu uku ko huɗu a harabar da ke da katanga. Hijabi ba ya hana tafiya da sauri. Takalmi dai a nemi kambas mai taushin ƙasa, ko na gwanjo ne, a bar silifa a gida.

Kafin a fara, a je a auna jini da sukari, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a na kusa da gida, a gaya wa likita abin da aka ƙudurta. Ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciya da ya rikice, waɗannan ba a yi musu jarumta. A tsaya, a tafi asibiti.

Sai kalandar Sakkwato, wadda shirin Turawa bai san da ita ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, saboda haka lokacinmu shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari ya ƙara kula da ruwa a wannan lokaci. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari, mai asma ya yi zagayensa a tsakar gida. Da damina kun fi ni sanin yadda ruwa ke kwanciya a wasu layukan unguwarku ta Mabera, sai a zaɓi hanya ta biyu tun kafin hadari ya haɗu. Da azumi kuma a sauke burin gaba ɗaya zuwa tafiya bayan an sha ruwa, ko bayan asham, a bar ƙarin minti sai bayan salla. Mai sukari da ke shan magani ya tambayi likitansa lokacin da ya fi masa, tun cikin Sha'aban.

Shugaban taro, na ga hannuwa sun fara ɗagawa, bari mu ji tambayoyi.