Kwamfutar Da Ka Saya, Taka Ce Ko Ta Kamfani?

Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai da suka sha wahalarmu, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, musamman waɗanda suka baro ayyukansu daga Katsina da Kano da Abuja, da mutanenmu na Dudunni da Kusada da Kankiya, ina yi muku barka da zuwa.

Kwamitin ƙungiya ya umurce ni in yi bayani a kan wata takaddama da ta taso game da kwamfutocin gwanjo da muke shirin saya wa makarantarmu. Wasu sun ba da shawarar a cire Windows a sa musu Linux. Wasu kuma suka ce a yi hattara, kada mu jawo wa hedimasta sammaci, domin taɓa cikin kwamfuta laifi ne. Masu wannan tsoro suna da hujjarsu, to amma sun ɗora ta a inda ba wurinta ba ne.

Abu biyu ne a cikin kwamfuta. Akwai ƙarfen, akwai kuma manhajar da ke tafiyar da shi. Ƙarfen da ka biya kuɗinsa naka ne kamar kekenka: ka buɗe shi, ka sake masa batir, ka ƙara masa ma'ajiya. Abin da za ka iya rasawa shi ne garanti, na gwanjo kuwa dama ba shi da shi. Manhaja ita ce doka ta kare, kamar yadda ta kare littafi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin wadda ta samo asali daga dokar soja ta 1988, ta hana kwafar manhajar wani da rarraba ta ba da izininsa ba. Ba ta ce dole ne ka ci gaba da amfani da ita ba. Wanda ya goge Windows daga na'urarsa bai kwafi komai ba, ya dai daina karanta littafin ne ya ajiye.

Ita kuwa Linux, izininta a tare da ita yake zuwa. Wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, daga baya ya sa ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman na Amurka ya fitar a 1989. Wannan lasisi da dokar haƙƙin mallakar kanta ya dogara. Mai abin ne ya yarda ka kwafa, ka gyara, ka ba maƙwabcinka, har ka sayar in ka ga dama. Sharaɗinsa shi ne, in ka rarraba wadda ka gyara, to ka haɗa da asalin rubutunta, kada ka rufe wa na bayanka ƙofar da aka buɗe maka.

Jama'a, inda haɗarin yake shi ne wurin da ba mu kallo. Ka kai na'ura shago, yaro ya ɗura mata Windows da Office waɗanda aka fasa makullinsu, ka ba shi ɗan abin da ya samu, ka tafi kana murna. Wannan ita ce satar fasaha, irin wadda 'yan fim na Kano suka daɗe suna kuka da ita. Dokar 2022 ta kuma ƙara haramta fasa makullin da mai manhaja ya sa don kare kayansa. Ƙungiyar da ta ƙunshi alƙalai da malaman addini bai kamata ta kai wa yara kayan sata ba, ko da babu mai zuwa bincike.

Ga kuma maganar lokaci. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma da yawa daga tsofaffin na'urori ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irinsu ne aljihunmu zai iya saya.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. A 2007 an raba wa yaran firamaren Galadima da ke gefen Abuja ƙananan kwamfutoci masu Linux a ƙarƙashin shirin kowane yaro da kwamfutarsa. A shekarar ce wani kamfani mai suna LANCOR ya kai masu shirin ƙara a Legas, yana cewa sun kwaikwayi allon rubutunsa na harsunan Nijeriya, har ya nemi dala miliyan 20. Ku lura, masu ƙerawa da rarrabawa aka kai ƙara, kuma a kan zanen allon rubutu. Ba a tuhumi malami ko ɗalibi don ya kunna Linux ba.

Iyaka ɗaya zan ja, a matsayina na ma'aikacin gwamnati. Kwamfutar ofis ba tawa ba ce, don haka ba ni da ikon sake mata komai sai da izinin hukuma. Haka na'urorin da gwamnati ko wata ƙungiya ta ba makaranta da yarjejeniya. A karanta takardar tukuna. Namu da za mu saya, kada a karɓi wadda aka kulle da kalmar sirrin wani kamfani, kuma kowace a karɓo rasiɗinta.

Na san malamin kwamfuta zai ce yara sun saba da Windows. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta, kuma abin da take nema ga yaron ƙauye shi ne hannunsa ya saba da allon rubutu da linzami, kada ranar jarrabawa ta zama ranar farko da ya taɓa su. Linux da LibreOffice sun wadatar da wannan. Ina ba da shawarar kuɗin da za mu kashe wa lasisi mu sa su a faifan sola da batir, mu kuma ɗauki nauyin horar da malamai biyu a lokacin hutu. Na miƙa wannan ga kwamiti ya duba kafin taron gaba.