Kaskon Garwashi da 'Yan Barka: Kare Jariri a Lokacin Hunturu

Mazaunin Palladan a Zariya ba ya buƙatar a sanar da shi shigowar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan lulluɓe mu, tun daga filin Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama har kasuwar Sabon Gari, tari da mura su shiga kowane gida. Hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa a 2018 ciwon haƙarƙari ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar 162,000 a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, sau da yawa dabarun da muke yi don kare jariri daga sanyi su ne ke buɗe wa ciwon ƙofa.

Ku leƙa ɗakin mai jego a watan Janairu. An toshe taga da tsumma, an saki labule, kaskon garwashi na ci a gindin gado, ga turaren wuta, da dare kuma a kunna maganin sauro. Ɗan kwana biyar ne ke shaƙar wannan duka, alhali hayaƙi yana raunana huhu, garwashi kuma a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari da kan kashe mutum yana barci. Shi kuwa ciwon, ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, ta tari da atishawa da hannun da ba a wanke ba. Murar da babba zai je aiki da ita tana iya toshe wa jariri numfashi. Rigakafin ciwon haƙarƙari, wanda ƙasar nan ta fara bayarwa a 2014, sai a sati na 6 ake soma shi, sannan na 10 da na 14. Ke nan a makonnin barka da suna, lokacin da yaro ke yawo hannu-hannu, kariyarsa nonon uwa ne da kularmu.

Iyayenmu mata za su ce sanyi na kisa, kuma sun yi gaskiya: jariri na saurin rasa ɗumin jiki. Amma ɗumi daban, hayaƙi daban. A sa masa hula da safa, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a jinkirta wankan farko har awa 24 kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, kasko kuma ya tsaya a tsakar gida. Wasu za su ce korar 'yan barka yanke zumunci ne. Ba kora na ce ba. Mai tari ya yi barka daga bakin ƙofa, mai ɗauka ya wanke hannu da sabulu. Sai dai amaryar da ta yi haihuwar fari ba za ta iya faɗa wa gwaggon mijinta haka ba. Wannan aikin maigida ne da uwar miji.

Idan jaririn da bai kai wata biyu ba yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirjinsa na lotsawa sosai, ko ya ƙi kama nono, kada a tsaya a kemis, a nufi asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Shika a daren, kada a jira gari ya waye.